Gangiliyosayid da Idon Kifi: Inda Ɗalibanmu Suka Fi Tuntuɓe

Duk ranar Asabar bayan la'asar nakan zauna da wasu 'ya'yan Zango masu karatun kimiyyar sinadaran jiki a jami'ar KNUST ta Kumasi, a wani ɗan zaure da ke Aboabo. Da zarar an iso kan gangiliyosayid da idon kifi, kurakurai iri ɗaya ne ke dawowa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta su.

Daga suna ake fara zamewa. Akwai ƙwayoyin gangiliyon, wato ƙwayoyin jijiya da ke cikin ratina, tantanin nan na bayan ido, waɗanda zarensu ke haɗuwa ya zama jijiyar gani. Akwai kuma gangiliyosayid, wanda sinadari ne kawai. Bajamushen nan Ernst Klenk ya raɗa masa sunan a 1942 don ya same shi da yawa a ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa, waɗanda su ma ake kira ƙwayoyin gangiliyon. Wata ɗaliba ta taɓa ce min, "Malam, ai furotin ne." Na ɗauki alli na zana mata a bango: jela biyu na kitse, wato seramayid, a nutse cikin fatar ƙwaya, sai sarƙar sukari ta leƙo waje ɗauke da asid ɗin siyalik, wanda shi ma wani nau'in sukari ne. Kitse ne mai rawanin sukari. Wanda ya iya zana wannan da hannunsa ba ya sake ruɗewa.

Sai lambobin. Da yawa suna zaton 1 da ke cikin GM1, sunan wani nau'in gangiliyosayid, yawan siyalik take nufi. Harafin tsakiya ne ke faɗin wannan: M ɗaya, D biyu, T uku, Q huɗu, bisa tsarin da Lars Svennerholm na Suwidin ya shimfiɗa. Lambar ƙarshe tsawon sarƙar sukari take nunawa, kuma a juye: GM3 ya fi GM1 gajarta. A nan ma kada a ɗauki ƙwaƙwalwar mutum a ɗora wa kifi. A wurinmu GM1, GD1a, GD1b da GT1b ne suka fi yawa, kifi kuwa ya fi tara masu siyalik da yawa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne cewa gangiliyosayid ne ke sa idon kifi ya warke. Gaskiya ne, in aka murƙushe jijiyar gani ta ɗan jan kifin nan na ado, zaren yakan sake tsirowa har ya koma ƙwaƙwalwa, kifin ya dawo yana gani; Attardi da Roger Sperry sun nuna yadda zaren ke komawa mazauninsa a 1963. Gaskiya ne kuma, a farkon shekarun 1980 masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun sa gutsuren ratinar wannan kifi a faranti, suka zuba antibodi, wato furotin na garkuwar jiki, da ke kama gangiliyosayid, sai tsirowar zaren ta ragu. To amma me wannan ya tabbatar? Cewa ana buƙatarsa. In aka hana magini ruwa gini ya tsaya, amma ba ruwa ne ya tada katanga ba. Ƙwayar gangiliyon ta kifi takan kunna wasu ƙwayoyin gado na girma bayan rauni, hanyar da zaren zai bi ba ta toshewa kamar tamu, ga kuma ƙwayoyin Müller, masu tallafa wa ratina, da ke iya haifar da sababbin ƙwayoyin jijiya. Gangiliyosayid yana gyara fatar ƙwaya ne yadda masu karɓar saƙon girma za su yi aiki da kyau. A jarrabawa a rubuta "yana taimakawa", kada a rubuta "shi ke haddasawa".

Wani abu da ake mantawa: a irin wannan gwaji ana murƙushe jijiyar tun kifin yana raye, a jira kwanaki, sannan a cire ratinar. Ratinar da ba a yi wa haka ba da ƙyar take fitar da zare. Kuma in an zuba gangiliyosayid a faranti, ba duka ke shiga fatar ƙwaya ba. Wani yana dunƙulewa ya manne a sama kawai, sai an wanke sosai kafin a auna.

Daga aji kuskuren ke fita titi. Wani dattijon unguwarmu mai fama da gulakoma, ciwon nan da ke lalata jijiyar gani, ya ji hirarmu, ya ce, "Ɗana, in dage da cin kan karfasar tafkin Bosomtwe ke nan?" Na ce, "Baba, ka ci don lafiyar jiki, amma ba zai tada jijiyar da ta mutu ba." Gulakoma waɗannan ƙwayoyin gangiliyon take kashewa, kuma a ɗan Adam ba sa dawowa. An ma taɓa yin allura da gangiliyosayid na ƙwaƙwalwar shanu a Turai, aka janye ta a Italiya a 1993 bayan rahotannin ciwon shanyewar jiki na Guillain-Barré a wasu da aka yi wa. Na roƙe shi kada ya bar ɗigon maganinsa ko na kwana ɗaya, kuma ranar Litinin jikansa ya raka shi sashen ido na asibitin Komfo Anokye a sake auna masa ƙarfin ruwan idon.