Tafiyar farko mai nisa a jirgin sama da tikitin gama-gari

1. Zaɓi kujera tun a intanet. A ganina ta bakin hanya ta fi ta taga, domin wurin miƙe ƙafa kaɗan ne, kuma ba sai ka tashi maƙwabcinka daga barci ba in za ka banɗaki.

2. Isa filin jirgi awa 3 kafin tashi.

3. Fasfo, magani da batirin cajin waya su zauna a jakar hannu. Abu mai ruwa, kamar turare, kada kwalbarsa ta wuce mililita 100.

4. Lokacin tashi da sauka kunne kan toshe. Yi hamma, haɗiyi yawu, ko ka tauna cingam.

5. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, sha ruwa akai-akai. Ɗauki rigar sanyi ma, bargon da suke rabawa siriri ne.

6. Kada ka manne a kujera. Duk bayan awa 2 tashi ka taka, ka motsa idon sawu, saboda dogon zama kan sa jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. In jirgi ya fara girgiza, koma ka ɗaura bel.