Yadda zaka rubuta mayya a fim mai dogon zango ba tare da ka zalunce ta ba

Wani ƙanina a Tudun Wada nan cikin garin Kaduna ya kawo min labarin fim ɗin mayu da yake so ya riƙa sakewa a YouTube duk sati, na karanta fitowa uku na mayar masa. Tsohuwa ce mai jan ido tana ƙyaƙyata dariya da tsakar dare, ƙarshe malam ya zo ya yi addu'a ta ƙone, shikenan. Nace ɗan'uwa tun fitowar farko kowa ya san ƙarshen, waye zai ƙona datarsa ya jira wani satin? Ga abinda na faɗa masa ko zai amfani wani.

Kafin ka ɗauki biro ka san abinda Bahaushe yake cewa akan maita. Cewa ake ƙanƙara ce a ciki, ko an sha a nono ko an saya an haɗiye, maye kurwa yake kamawa, in an ritsa shi a sa ya tsallaka mara lafiyan ya sake ta. Toh kaga labarinka nan, wadda ta sha a nono wa ya tambaye ta? Ka ba ta sana'a, tana suyar waina a bakin Kasuwar Barci, ita ke biyan kuɗin makarantar ƙannenta, kullum tana kokawa da abinda ke cikinta, in ta ga jariri ta kau da kai ta canza hanya har mutane suna ce mata mai girman kai.

Amma kar ka wanke ta tas, ka ba ta laifi na gaske. A fitowa ta biyar ta kama kurwar mai gidan hayan da ya watso musu kaya waje ana tsakiyar damina, masu kallo za su ce Allah ya ƙara, sai a ta shida ka nuna 'yarsa ƙarama zaune a zaure tana jiran Baba ya dawo daga asibiti. Anan majalisa zata rabu biyu, kuma shi kake nema.

Inda na fi so ka daɗe shine wajen masu zargi. Bokan da ke karɓar akuya kafin ya faɗi suna, kishiyar da ta daɗe tana neman hanya, ɗan'uwan miji da ya sa ido akan gidan marayu, kowanne ka ba shi dalilin da shi kansa ya yarda da shi. A garin Salem na Amurka a 1692 wasu 'yan mata ne suka fara faɗuwa suna ihu suna kiran sunaye, aka zargi mutum sama da 200, aka rataye 19, daga baya hukuma ta amsa cewa zalunci aka yi. Mu ma haka take faruwa wallahi, zazzaɓin cizon sauro ya hau kan yaro ko sanƙarau ya kama shi lokacin zafi, yana sambatu ya ambaci sunan tsohuwar makwabta, kafin a nemo keke napep matasa sun taru da duwatsu. Kuma kusan kullum gwauruwa ce, talaka, wadda ba ta da ɗa namijin da zai tsaya a ƙofarta. Dole fim ɗinka ya samu mutum ɗaya irin wannan da ba ta ji ba ta gani ba, kuma mai kallo ya ga takardar gwajin jinin yaron da idonsa.

Kuɗin siddabarun kwamfuta ka adana su. An ɗauke wuta, aci-balbal, kukan mujiya, bakin kogin Kaduna da almuru, sun fi wutar da ke fita daga ido tsoratarwa.

Ka kai wa malami labarin ya duba kar tsafi ya fito kamar yana da wani iko da ya wuce na Allah. Kar kuma ka jingina maita ga wata ƙabila ko wani ƙauye na gaske, a garin nan mun san inda irin wannan maganar take kaiwa.

Sannan baiwar Allahn da zata fito a mayyar, ka zaunar da ita da iyalinta tun kafin a kunna kyamara, ka ce Inna yara za su bi ki a layi suna kiran mayya, kin amince? In ta yi jim, ka nemi wata.