Yadda ake yin 'yan kunnen inamel a gida da wutar gas

Inamel garin gilashi ne da ake narkarwa a kan ƙarfe har ya manne ya yi sheƙi, irin wanda ke jikin langa da samira na kayan ɗaki. Masu sana'ar da tanda suke gasa shi, amma ƙaramin abu kamar ɗan kunne ko kan sarƙa, wutar gas ta hannu irin ta masu gyaran firji ta isa. Garin yana narkewa a zafin digiri 750 zuwa 850 a ma'aunin Celsius, jan ƙarfe kuwa sai ya kai 1085, saboda haka akwai tazara.

Da jan ƙarfe zalla za ka fara, mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1. Kada wani ya sayar maka da tagulla mai ruwan ɗorawa ya ce duk ɗaya ne. Akwai tutiya a cikinta, gilashi ba ya zama a kanta. Azurfa tsantsa tana karɓa da kyau, sai dai ba a koyo da ita, kuɗinta ya yi yawa. Garin kuma ka nemi marar dalma, mai lamba 80 (lambar da ke nuna laushin garin), irin na kamfanin Thompson na Amurka. Da tsada idan an haɗa da kuɗin kawowa, don haka kala biyu sun ishe ka: fari da shuɗi. Ja da ruwan lemu ka bar su tukuna, saurin ƙonewa gare su.

Ka yanka ƙarfen, ka goge bakinsa da magagari, ka huda ramin maƙali yanzu. Idan gilashi ya hau, babu sauran huji. Sai wanki: lemun tsami da gishiri, ko samfefa mai laushi, har ya yi jajir. Ka zuba masa ruwa ka gani. In ruwan ya shimfiɗu ya rufe ko'ina, ya fita. In ya dunƙule ɗigo-ɗigo, akwai maiƙo, ka sake. Daga nan da hantsaki ake ɗaukarsa, ko a gefe, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa gilashi ya janye ya bar tabo.

Inda masu koyo suka fi faɗuwa shi ne bayan ƙarfen. Kowa yana ɗokin ganin kala, sai ya barbaɗa a fuska ya ƙona, abu ya fito tas, bayan minti kaɗan a ji ƙas, gilashi ya tsage ko ya ɓalle gaba ɗaya. Dalili kuwa, idan suna hucewa jan ƙarfe ya fi gilashi tsukewa, sai ya lanƙwashe ya ture abin da ke kansa. Maganinsa a sa gilashi ta baya ma, ɓangarorin biyu su riƙe juna. Kuma bayan ake fara yi. A nan ne ragowar garin da ya gauraye yake da amfani, tunda ba mai leƙawa.

Ka shimfiɗa farar takarda, ka sa takunkumi, don ƙurar gilashi ba abin shaƙa ba ce. Ka zuba garin a ƙaramar rariya, ka riƙa ƙwanƙwasa ta da yatsa, daga gefe kana zagayawa zuwa tsakiya. Gefen ne ke fara ƙonewa, shi ya fi bukata. Da ƙarfe ya ɓace wa ido, ka tsaya. Shimfiɗa mai kauri tsagewa take yi. Gara siriri sau biyu. Ka share ramin da tsinken sakace.

Ka ɗora jan ƙarfen a ragar ƙarfe bisa abu mai ƙafa uku, ƙasansa bulo, taga a buɗe. Wuta daga ƙasa ake ba ta. In ka haska ta kai tsaye a kan garin, za ta hure shi, ta kuma dusashe kalar. Ka fara daga nesa kana kewayawa, sannan ka matso. Garin zai yi duhu, ya koma kamar jiƙaƙƙen sukari, ya zama gurji-gurji kamar ɓawon lemu, sannan ya kwanta sumul yana ƙyalli, ƙarfen ya yi ja. A shimfiɗar baya, ka janye wuta tun a ɓawon lemu, ai za ta sake shan wuta. Kada ka tsoma shi a ruwa. Ya huce da kansa.

Za ka tarar fuskar ta yi baƙin ɓawo. Ka kankare shi tsaf da lemun tsami da samfefa, in ba haka ba zai tarwatse cikin kalarka. Sai ka barbaɗa fari, ka ɗora a ƙarfe mai tsini uku da ke riƙe gefe kawai, don kada bayan ya manne da raga. Ka ƙona, ka bar shi ya huce, ka sa shuɗi, wannan karon har ya yi sumul. Kalar ba ta nuna kanta da zafi, kada ka tsorata in ka ga ta yi duhu. Ka goge baƙin gefen a cikin ruwa, ka zura zobe da ƙugiyar kunne.