Yadda Ake Binciken Samun Bashi a Tsakanin Magidanta

Yawancin ɗaliban da na gani suna rubuta kundin digiri kan samun bashi, tun a takardar tambayoyi aikinsu ke lalacewa, kafin a kai ga lissafi.

Kafin ka buga ko da shafi ɗaya, ka duba abin da wasu suka riga suka tattara. Ƙungiyar EFInA tana binciken yadda 'yan Najeriya ke hulɗa da harkokin kuɗi tun 2008, Bankin Duniya yana fitar da Global Findex, irin wannan binciken na ƙasashen duniya, tun 2011, ita ma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana da binciken magidanta mai ɗauke da sashen bashi. Na Bankin Duniya kyauta ne, rajista kawai za ka yi. Ka karanta aikin masanin tattalin arziki Christopher Udry a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya a ƙarshen shekarun 1980. Ya gano cewa yawancin bashin tsakanin dangi da maƙwabta ake yin sa, kuma biyan yana danganta da yadda damina ta zo wa mai bayarwa da mai karɓa.

Sai tambayoyin, kuma nan ne gizo ke saƙa. Kada ka tambayi mutum "ka ci bashi bara?" ya ce a'a, kai kuma ka rubuta shi cikin waɗanda ba su samu dama ba. Wannan a'a ɗin mutum huɗu ne ke faɗinta. Akwai wanda bai buƙata ba. Akwai wanda ya nema aka hana shi. Akwai wanda ya san ba shi da takardar fili ko mai tsaya masa, don haka bai wahalar da kansa ba. Akwai kuma wanda ya ƙi saboda kuɗin ruwa, wanda ko banki ya biyo shi gida ba zai karɓa ba. In ka haɗa su wuri guda, shawarar da za ka bayar a babi na biyar na kundinka ba ta da tushe. Kowanne ka ba shi tambayarsa.

Kuma ka lissafo hanyoyin ɗaya bayan ɗaya: adashi, kayan da mai kanti ke rubutawa a littafi har ƙarshen wata, takin da ake karɓa a biya da hatsi lokacin kaka, manhajojin bashi na waya. Mai gida ba zai ambaci buhun shinkafar da ya ɗauka ba sai ka tuna masa. Kada ka yi hirar a majalisa, bashi sirri ne. Matan gida kuwa, mace ka tura musu, ko da kuɗin motarta zai fito daga aljihunka.

Gwada takardar a kan mutum ashirin tukuna, ka gyara, sannan ka buga sauran. Wajen nazari, tunda amsar "ya samu ko bai samu ba" ce, logit ko probit, hanyoyin lissafi na tambayar da amsarta e ce ko a'a, sun wadatar. A manhajojin lissafi Stata na fi so, in babu kuɗin lasisi ka sauke R, ita kyauta ce.