Hayar gida a tsakiyar Landan: lissafin da za ka yi kafin ka sa hannu

Unguwannin da ke kusa da tsakiyar Landan, irin su Peckham da Brixton da Hackney, a da can matattarar baƙi da masu ƙaramin ƙarfi ne. Yanzu hayarsu ta yi tashin gwauron zabo, kuma sabon zuwa ya fi kowa shan wuya, domin yana ɗaukar kuɗin da ya gani a talla a matsayin duk abin da zai biya.

Wasu gidajen ana tallata su da kuɗin mako. Kada ka ninka shi sau huɗu, wata ya fi mako huɗu. Ka ninka sau 52, ka raba gida 12. Ɗakin fam 300 a mako zai kama fam 1,300 a wata. Dillalai da yawa suna so albashinka na shekara ya kai hayar wata sau 30, wato fam 39,000 a wannan misali. In bai kai ba, za su nemi mai tsaya maka wanda ke zaune a ƙasar, galibi mai samun hayar wata sau 36.

Dokar 2019 ta hana dillali karɓar ladan nemo maka gida ko na rubuta yarjejeniya a Ingila. Kuɗin kafin alƙalami da ake riƙe maka gida da shi ba zai wuce hayar mako ɗaya ba. Kuɗin ajiya kuma, wanda ake riƙewa saboda ɓarna ko bashin haya a mayar maka ranar tashi, iyakarsa hayar mako biyar, muddin hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma dole mai gida ya sa shi a ɗaya daga cikin asusun kariya uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Daga 1 ga Mayu 2026, sabuwar dokar masu haya ta hana neman fiye da hayar wata ɗaya a gaba, ban da kuɗin ajiya. Za a duba takardun izinin zamanka, wannan doka ce. Amma kada ka tura wa kowa ko kwabo kafin ka taka ƙafarka cikin gidan. 'Yan damfara suna kwafo hotunan gidajen mutane suna tallatawa da araha.

Sai harajin ƙaramar hukuma, wanda yawanci mazaunin gida ke biya. Ɗalibai masu cikakken karatu ba sa biya, mai zaman kansa shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100, amma sai ya nema. Ka ƙara wuta, gas, ruwa da intanet.

Da yawa daga cikin gidajen waɗannan unguwanni tsofaffi ne, an yanyanka su ɗaki-ɗaki, kuma babbar matsalarsu danshi. Ka janye kabad ka duba bayansa, ka shafa bangon ƙarƙashin taga, ka lura da sabon fenti a kusurwa ɗaya tak. Baƙin tabo alamar funfuna ce, tana cutar da ƙirjin yara. Ka nemi takardar binciken gas ta bana da ta ƙimar riƙe ɗumin gida, wadda ke ba gida daraja daga A, mafi kyau, zuwa G. Mai daraja E ko D zai ci kuɗin ɗumama ɗaki sosai a hunturu fiye da mai C. Gidan da mutum biyar ko fiye ke zaune ba iyali ɗaya ba, sai da lasisin ƙaramar hukuma.

Ranar da ka karɓi makulli, ka ɗauki hoton kowane tabo da lambobin mita, ka aika wa dillali ta imel nan take. Da su za ka kare kuɗin ajiyarka ranar tashi.

Kafin ka gudu bayan gari neman sauƙi, ka haɗa kuɗin jirgin ƙasa na wata. Ga mai aikin dare ko na asuba, ɗan ƙaramin ɗaki a shiyyar sufuri ta 2, kusa da tsakiyar gari, kan fi babba a shiyya ta 5 mai nisa sauƙin riƙewa.