Yadda ake kwafar bayani ta ORM ba tare da an taɓa na asali ba

Duk wanda ya taɓa rubuta wa makarantar kuɗi manhaja a Kaduna ya san kiran da ke shigowa ƙarshen kowane zango. Ma'ajin makaranta zai ce, "Injiniya, tsarin kuɗin zangon farko nake so ka juya mini shi zuwa na biyu. Komai na nan yadda yake, kuɗin mota kaɗai za mu ƙara saboda 'yan Rigasa da Mando." Yana da gaskiya, bai kamata ya zauna yana sake buga kuɗin karatu da na littattafai da na yunifom na kowane aji da hannu ba. Namu shi ne mu sa masa maɓalli guda ya danna. Abin da ke ƙarƙashin wannan maɓalli zan bayyana, da Django (kayan gina manhajar yanar gizo da yaren Python) tunda da ita na fi aiki, daga baya in taɓa SQLAlchemy, wani ORM na Python, da Laravel ta yaren PHP.

Aikin ORM shi ne ya ɗauko layi daga teburin rumbun bayanai ya miƙo maka shi a matsayin abu na Python, ka canja abin da kake so, ka kira `save()`, shi kuma ya rubuta SQL, yaren da rumbun ke ji, a madadinka. Da lambar shaida yake gane layin da abin ya fito, wato `pk`. In ka kira `save()` lambar tana nan, Django za ta fara gwada UPDATE, wato gyaran tsohon layi, a kan layin da ke da wannan lamba. In babu lamba, sai ta yi INSERT, wato saka sabon layi, rumbun ya ba da sabuwa.

Shi ya sa `copy.copy()` da `copy.deepcopy()` ba su biyan buƙata. Suna ba ka abu na biyu a ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma har da lambar suke kwafowa. Kamar ka kai katinka na ɗan ƙasa a yi maka fotokwafi ne, takarda ta zama biyu amma hukuma mutum ɗaya take gani. Ka canja zango a jikin kwafin ka adana, tsarin zangon farko ne ka mayar na biyu. Ba za ka ga jan rubutu ko ɗaya ba, komai zai tafi lafiya lau, sai ranar da ma'aji ya buɗe rahoto ya tarar duk kuɗin da iyaye suka biya a Satumba ya koma ƙarƙashin zangon Janairu, zangon farko kuma babu shi.

Hanyar da takardun Django suka nuna gajeriya ce:

```python
tsari = TsarinKudi.objects.get(pk=7)
tsari.pk = None
tsari._state.adding = True
tsari.save()
```

Layi na uku mutane da yawa suna tsallake shi saboda ko babu shi sabon layi yana shiga. Kada ka tsallake. In a cikin `save()` naka kana duba `_state.adding` kafin ka ba da sabuwar lambar takarda ko ka aika saƙo, to rashinsa zai sa manhajar ta ɗauka gyaran tsoho ake yi. Haka kuma in ajin naka na Python (class, ba ajin makaranta ba) ya gaji wani aji mai teburinsa daban, cire `pk` kaɗai bai isa ba, sai ka haɗa da `id = None`, in ba haka ba layin uban ne za a rubuta a kai.

Ka lura kuma cewa wannan dabara ba ta samar da abu na biyu a Python. Abin da ke hannunka ne ya rikiɗa ya zama sabon. In wani ɓangaren manhajar yana riƙe da shi a zaton tsohon ne, ya shiga uku. Don haka ni lamba nake karɓa, in ɗauko sabo fil daga rumbu a cikin aikin kwafin kansa. Wannan yana kawar da wata matsalar ma: abin da aka ɗauko da `prefetch_related` yana yawo da tsofaffin 'ya'yansa a ajiye a jikinsa, ko bayan ka cire masa lamba.

Cire lamba shi ne mai sauƙin. Inda gizo ke saƙa shi ne abubuwan da ke rataye da layin. Tsarin kuɗi ba shi kaɗai yake ba. Yana da aji da zango da yake nunawa, yana da layuka a ƙarƙashinsa (karatu, mota, abinci, jarrabawa), yana da rangwamen da ake yi wa 'ya'yan ma'aikata da marayu da gidan da ke da yara uku, akwai kuma biyan da iyaye suka yi a kansa. ORM bai san wanne ne na kwafa ba, kuma ba zai taɓa sani ba, domin amsar tana ofishin ma'aji. Kafin in rubuta komai nakan zauna da shi da biro da takarda, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Aji ba a kwafarsa. JSS 2 ta zangon farko ita ce dai JSS 2 ta zango na biyu, kuma tunda `aji_id` yana jikin layin tsarin, da kansa yake biyo kwafin. Ba abin da za ka yi.

Layukan kuɗi kuwa dole kowanne ya samu tagwayensa, domin mallakin tsarin ne. In ma'aji ya mayar da kuɗin mota daga naira dubu 15 zuwa dubu 20 a zango na biyu, na zangon farko bai kamata ya motsa ba. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a sa `layi.tsari = sabo` a adana ba tare da an cire wa layin tasa lambar ba. Wannan ƙaura ce aka yi wa layukan, sabon tsari ya cika, tsohon ya zama fanko.

Rangwame alaƙa ce ta da-yawa-da-da-yawa, tana zaune a wani teburi na tsakiya da ba ka gani. Rangwamen kansa ba a kwafarsa, igiyar da ta ɗaure shi da tsarin ce za a sake ɗaurawa, kuma sai bayan an adana sabon ya samu lamba.

Biyan iyaye ko kusa kada ka taɓa shi. Na faɗi haka ne saboda akwai kayan aiki da ake saukewa masu bin duk wata alaƙa su kwafe ta, kuma na ga masu tasowa suna son su don suna rage rubutu. Ni ba na amfani da su a inda kuɗi yake. Ranar da wani ya ƙara sabon teburi mai nuna tsarin kuɗi, in ba a yi hattara da saitinsu ba shi ma zai bi sahu ba wanda ya sani.

Ga yadda nake haɗa shi duka:

```python
@transaction.atomic
def kwafi_tsari(lamba, sabon_zango):
    tsari = TsarinKudi.objects.get(pk=lamba)
    layuka = list(tsari.layuka.all())
    rangwame = list(tsari.rangwame.all())

    tsari.pk = None
    tsari._state.adding = True
    tsari.zango = sabon_zango
    tsari.an_amince = False
    tsari.takarda = ""
    tsari.asali_id = lamba
    tsari.save()

    for layi in layuka:
        layi.pk = None
        layi._state.adding = True
        layi.tsari = tsari
    LayinKudi.objects.bulk_create(layuka)

    tsari.rangwame.set(rangwame)
    return tsari
```

Waɗannan `list()` biyu na sama ba ado ba ne. Django ba ta zuwa rumbu lokacin da ka rubuta `.all()`, sai lokacin da ka nemi abin da ke ciki. In ka bari sai bayan lamba ta canja, kana iya tambayar 'ya'yan sabon tsari, wanda bai da ko ɗaya. `list()` yana tilasta a ɗauko su tun tsohuwar lamba tana nan.

`an_amince = False` daga zaman da na yi da ma'aji ya fito. A makarantun da nake yi wa aiki, mai makaranta ke sa hannu kafin tsari ya fara aiki, kuma amincewar da ya yi wa kuɗin Satumba ba ta shafi na Janairu ba. Kowane teburi yana da irin waɗannan gurabe masu ba da labarin tsohon layi: wanda ya ƙirƙira, ranar da aka rufe, sau nawa aka buga. Bi su ka share. Gurbin da ke da `auto_now_add` zai ɗauki sabon lokaci da kansa tunda INSERT ake yi, amma ranar da ka sa da hannunka tana nan yadda take. Duk gurbin da aka ce ba a maimaita shi, irin lambar takarda ko `slug` (gajeren sunan da ke shiga adireshin shafi), sai ka ba shi sabo, in ba haka ba rumbun zai mayar maka da `IntegrityError`. Haka `OneToOneField`, layi biyu ba za su nuna abu ɗaya ba, sai ka kwafi wancan ɗin tukuna ka ɗaura sabon.

Maganar `takarda` kuma, `FileField` ba fayil yake ajiyewa a rumbu ba, adireshin fayil ne kawai. In ka kwafi layin haka nan, tsari biyu suna nuna PDF ɗaya, mai ɗauke da tsohon kuɗi da tsohon kwanan wata, kuma shi za a tura wa iyaye ta WhatsApp. In manhajarka tana goge fayil lokacin da aka goge layi, goge kwafin zai tafi da takardar na asali. Ko dai ka kwafi fayil ɗin da sabon suna, ko ka bar gurbin fanko a sake samar da shi. Na biyun na fi so.

`bulk_create` yana zuba layukan da tambaya ɗaya, amma ba ya kiran `save()` ɗinka kuma ba ya tayar da siginar `pre_save` da `post_save`. In kana lissafin jimla a ɗayan waɗannan wurare, adana su ɗaya-ɗaya. Layi goma ba zai gajiyar da kowa ba.

Sai `transaction.atomic`. Wasu makarantun sabarsu kwamfuta ce ɗaya a ƙarƙashin teburin ofis, kuma kowa ya san halin wutarmu. In aka ɗauke ta bayan tsari ya shiga kafin layukansa su shiga, za a wayi gari da tsarin da ke cewa JSS 2 kyauta ce. Da `atomic`, ko duka su shiga ko ba abin da ya shiga. Amma in MySQL kake amfani da ita ka duba injin teburin. Injin InnoDB yana iya wannan, kuma shi MySQL ke zaɓa da kanta tun daga siga ta 5.5, amma tsohon teburi na MyISAM bai san da zancen ba.

A SQLAlchemy labarin ya ɗan fi tsauri, domin `Session` tana riƙe da rajistar duk abin da ta ɗauko, kuma kowane abu yana ɗauke da `_sa_instance_state` wanda ke cewa shi wane ne. Cire `id` kaɗai zai sa ta yi ƙoƙarin canja lambar tsohon layi. Akwai `make_transient()`, wanda ke cire abin daga rajista ya mayar da shi kamar bai taɓa shiga rumbu ba, sai ka sa `id = None` ka yi `session.add()`. Tarkonsa shi ne bayan `commit()` SQLAlchemy tana ɗaukar guraben abin a matsayin sun tsufa, sai an sake ɗauko su, shi kuma `make_transient()` ba ya ɗaukowa. Sai ka samu kwafi cike da `None`. Kira `session.refresh()` kafin nan. Ni dai a SQLAlchemy na fi son in gina sabo kai tsaye, `TsarinKudi(aji_id=tsoho.aji_id, suna=tsoho.suna, zango=sabon_zango)`, in ambaci kowane gurbi da sunansa. Rubutun ya fi yawa, kuma in aka ƙara gurbi sai an tuna an zo nan an ƙara. Duk da haka gara a manta a kwafi wani abu ma'aji ya gani ya kira ni, da a kwafi abin da bai kamata ba a yi shiru.

Masu PHP, waɗanda su ne da yawa a cikin masu yi wa makarantu da shaguna aiki a garin nan, Laravel ta ba ku `replicate()`. Ba ta kwafo lambar shaida da `created_at` da `updated_at`, kuma za ka iya miƙa mata jerin guraben da ba ka so: `$tsari->replicate(['an_amince', 'takarda'])`. Sai dai layin kaɗai take adanawa in ka kira `save()`, layukan da ke ƙarƙashinsa da teburin tsakiya naka ne ka bi su da hannu, a cikin `DB::transaction`. `dup` na Rails, ga masu yaren Ruby, shi ma layin kaɗai yake kwafowa.

In ka zo gwaji, kada ka tsaya a duba sabon. Kowa yana duba sabon, kuma kusan kullum daidai yake fitowa. Tsohon za ka duba. Ƙirga layukansa kafin kwafi da bayan kwafi, sake ɗauko shi da `refresh_from_db()` ka tabbatar zangonsa bai canja ba, canja kuɗin mota a sabon ka ga ko na tsohon ya motsa, sannan ka ƙirga teburin biya ka tabbatar ko ɗaya bai ƙaru ba.

Gurbin `asali` da ke cikin misalin don tambayar da mai makaranta zai yi ne wata rana, "Wannan kuɗin daga ina aka samo shi?" Ka sa masa `on_delete=models.SET_NULL` don goge tsoho kada ya ja sabo.

Ka kuma sa `UniqueConstraint` a kan aji da zango tare, a rumbun kansa. Intanet ɗin ofis in ya yi nauyi, ma'aji zai danna maɓallin, ya ga shiru, ya sake dannawa. Kashe maɓallin da JavaScript yana taimakawa amma ba ya hana wanda ya buɗe shafi biyu. Da ƙa'idar a rumbu, dannawa ta biyu za ta dawo da `IntegrityError`, `atomic` ya janye abin da ta fara, kai kuma ka kama kuskuren a wajen aikin kwafin, ba a cikinsa ba, ka nuna masa saƙon cewa wannan aji ya riga ya samu tsarin zangon, da mahaɗin da zai kai shi can.