Yadda na cire hayaniyar zuciya da numfashi daga hotunan fMRI

A hotunan fMRI, wato hotunan aikin ƙwaƙwalwa da na'urar MRI ke ɗauka, sigina a kusa da tushen ƙwaƙwalwa tana hawa da sauka kamar babu dalili. Zuciya na bugawa kusan sau ɗaya a daƙiƙa, na'urar kuwa sai bayan daƙiƙa 2 take ɗaukar hoto, don haka bugun ke ɓad da kama ya shige cikin sigina mai tafiyar hawainiya. Tacewa kaɗai ba ta raba su.

Na yi amfani da RETROICOR, hanyar cire tasirin bugun zuciya da numfashi daga sigina: na'urar yatsa don bugun jini, ɗamarar ciki don numfashi, sai ginshiƙan lambobi 8 da aka fitar daga rikodinsu a cikin GLM, tsarin lissafin da ake nazarin siginar da shi. Da farko bai yi tasiri ba. Ashe rikodin bugun jini da numfashi ya haɗa da lokacin hotunan share fage da na'urar MRI ke zubarwa, lokaci ya goce. Na daidaita shi da alamar hoton farko da aka ajiye, sai hayaniyar ta lafa.

Ɗamarar kuma kada a matse ta, don in an matse, dogon numfashi na yanke saman layin numfashi a rikodin.